Kukan Birkin Faifai da Damina

  

Sharhinmu na yau a kan keke yake. A jikin keken ma wuri guda za mu tsaya, wato birki, irin na faifai, wanda kekunan zamani suka zo mana da shi. In akwai irin wannan keke a gidanku, naku ne ko na yara, kun riga kun san inda na dosa. Duk tsawon rani birki shiru. Ruwa na fara sauka, sai ya kama kuka. Wani lokaci ƙara ce siririya mai shiga kunne. Wani lokaci gurnani ne, har ka ji kan keken na karkarwa a hannunka. Mutanen bakin titi su waiwayo, kunya ta kama mai keke.

To ga maganar da na zo da ita, kuma zan yi ta nanata ta har mu rabu. Kukan da birki ke yi cikin ruwa, sau da yawa ba abin tayar da hankali ba ne. Abin tayar da hankali shi ne takalmin birki da damina ke cinyewa a ɓoye. Shi ba ya kuka sai ya ƙare. Saboda haka kunne kaɗai bai wadatar ba. Sai an sunkuya an duba da ido.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai.

Kekunan da iyayenmu suka hau, su Raleigh da Phoenix da Hero, birkinsu roba ce guda biyu da ke matse bakin rim. Rim ɗin kuwa ƙarfe ne mai sheƙi da santsi. Duk wanda ya taɓa hawan irin wannan keke cikin ruwa ya san halinsa. Rim ya shiga kududdufi ya jiƙe, ka matse birki iya ƙarfinka, keke na tafiyarsa. Dole ka sauke ƙafa kana jan silifa a ƙasa.

Birkin faifai ya ɗauke aikin daga bakin rim ya mayar da shi tsakiyar wili. Faifan ƙarfe ne siriri, a yawancin kekuna kaurinsa bai wuce milimita biyu ba. A gefensa akwai ɗan gida, cikin gidan takalma biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka matse hannun birki, su cafke faifan. A wasu kekunan waya ce ke jan su. A wasu kuma mai ne cikin siririn tiyo yake tura su. Da yake faifan yana sama, nesa da kwata da taɓo, yana kamawa cikin ruwa fiye da tsohon birki nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu kekunan hawan duwatsu a Turai da Amurka suka rungume shi tun shekarun 1990. Masu tseren kan kwalta su kam sun daɗe suna jan ƙafa. Sai a watan Yulin 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sakar masa mara gaba ɗaya a gasanninta. Yau ga shi ya iso mana, a kekunan gwanjo daga Turai, da sababbin da ake kawowa daga Sin.

To me ke sa shi kuka?

Ku tuna mai goge. Izgar doki ce a jikin gogen, izgar doki ce a bakan da yake ja. Yana shafa mata ƙaro don ta riƙa kamawa. In ya ja, izgar ta kama ta zame, ta kama ta zame, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Wannan kamawa da zamewa ita ce sautin da muke ji, ƙwaryar gogen kuma ta ƙara masa amo. Haka birkin faifai yake. In faifai a bushe yake, takalmi na kama shi sumul. In ruwa ya shiga tsakaninsu, sai kamun ya koma na tsalle-tsalle. Faifan ya ɗauki rawa, wili da jikin keken su amsa. Kukan ke nan.

Irin wannan kuka yana da alamarsa. Da ruwa yake zuwa, da ruwa yake tafiya. Ka matse birki sau biyu ko uku, takalmi ya share ruwan, ƙarfe ya ɗan yi ɗumi, sai ƙarar ta ragu ko ta ɗauke. Kuma duk da kukan, keke yana tsayawa. In haka naku yake, ku kwantar da hankalinku. Kekunan da suka fi kowanne tsada a duniya ma suna yi. A watan Oktoban 2021 an yi tseren Paris zuwa Roubaix a arewacin Faransa cikin ruwa da taɓo. Ɗan Italiya Sonny Colbrelli ne ya zo na ɗaya, fuskarsa duk laka. Galibin kekunan ranar masu birkin faifai ne, kowace tawaga da ƙwararrun makanikanta. Ko su ɗin ba su da maganin hana jiƙaƙƙen faifai yin ƙara.

Yanzu kuma mu zo ga kukan da ya kamata a tsaya a saurara.

Akwai wanda ba ya tafiya ko rana ta fito. Hanya ta bushe, faifai ya bushe, birki na nan yana ihu. Ka matse da ƙarfi, keke na silalewa, kamun ya yi rauni. Masu sauraro, in kun ji haka, ku zargi mai. Maiƙo ya taɓa faifan, ya shiga takalmi.

Daga ina man yake zuwa? Wani daga kwalta. Watannin rani motoci da babura da a-daidaita-sahu sun yi ta ɗigar da baƙin mai da gas a kan titi. Ruwa ya sauka ya ɗago shi. Kun sha ganin kududdufi mai launi-launi a samansa, to shi ne. Taya ta fantsama shi a kan faifai. Wani kuma daga hannunmu ne, in mun taɓa faifan bayan mun taɓa sarƙa. Wani daga gwangwanin feshi, ana fesa wa sarƙa iska ta kai shi ɗaya gefen. Wani lokaci kuma gidan birkin ne da kansa yake tsiyaya.

Amma mafi muni shi ne man da muke sawa da gangan. A nan ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai. Mun saba, duk abin da ya yi ƙara a jikin keke, mai ake ba shi. Sarƙa ta yi ƙara, a ɗiga mata mai. Feda ta yi ƙara, a ɗiga mata mai. Wannan daidai ne a ko'ina, ban da birki. Birki da kamawa yake aiki, mai kuwa santsi yake kawowa. Wanda ya ɗiga wa faifai mai, wataƙila ƙarar ta lafa na ɗan lokaci, amma ya kashe birkinsa da hannunsa. Kuma ba zai gane ba sai ranar da yaro ya gifto a guje, ko mota ta taka birki a gabansa. Don Allah kada a sa wa birkin faifai mai. Ko baƙin mai, ko man gyaɗa, ko na feshi, ko ɗigo guda.

In ta riga ta faru fa? Faifai yana wankuwa. A samu sifirit irin na kemis da tsumma mai tsabta, a goge shi ciki da waje har tsumman ya daina baƙi. Takalmi kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotse mai har ciki. In kaɗan ne ya taɓa samansa, ana iya gurza shi da samfefa a gwada. In ya sha, sai canji. Na san wasu suna gasa shi a wuta don man ya ƙone. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Wuta na iya lalata abin da ya manne takalmin da ƙarfen bayansa, kuma a kan gangara ne irin wannan ɓarna take bayyana.

Akwai kuma wata ƙara mai zuwa tana ɗaukewa, shik, shik, shik, duk zagayen wili sau ɗaya, ko ba ka taɓa birki ba. Wannan faifai ne ya ɗan lanƙwashe, ko gidan birki ya goce daga saiti. Aikin mintoci ne wurin mai gyara. Ba za mu daɗe a kanta ba.

To masu sauraro, yanzu mun iso babbar maganar, wato cinyewar takalmi.

Ruwa shi kaɗai ba ya cin takalmi sosai. Abin da ruwan ya ɗauko shi ke ci. Ku dubi titunanmu bayan an ɗauke ruwa, a Kano ne ko Katsina, a Maraɗi ne ko Damagaram. Ruwa ya kwaso yashi daga lunguna ya shimfiɗe a kan kwalta. Hanyar ƙauye kuwa jar ƙasa ce ta kwaɓe. Tayar gaba tana ɗebo wannan tana watsawa baya. Ruwan ya manna yashin a jikin faifai. Ka matse birki, takalmi ya danne yashin a kan ƙarfe, ya niƙa. Kowace matsa tana ɗebe wani abu daga takalmin, tana kuma ɗebe wani abu daga faifan. Abin kamun da ke jikin sabon takalmi kuwa bai fi milimita biyu ba, ko da ɗan ɗori. Takalmin da zai ƙetare rani cur bai nuna gajiya ba, damina na iya gamawa da shi cikin 'yan makonni, in kullum ta taɓo ake bi. Na baya ne kan riga ƙarewa, don shi ke shan abin da tayar gaba ta watso.

Me ya sa mai keke ba ya lura? A nan ne sirrin yake. Birkin da ke aiki da mai yana gyara kansa da kansa. Takalmi na raguwa, fistin ɗin da ke bayansa na ƙara matsowa. Hannun birki yana nan inda ka saba jin sa, yau kamar jiya. Babu abin da zai gaya wa yatsunka cewa saura ƙiris. Mai waya shi yana ɗan nuna alama, hannun birki yana ƙara shigowa ciki. Amma me muke yi? Sai mu ja wayar, mu ɗaure, mu ci gaba da tafiya. Alhali a yawancin masu waya, takalmi ɗaya ne ke motsi. Ɗayan a tsaye yake, sai an murɗa shi da hannu ya matso kusa da faifai. In ba a yi ba, faifan ne zai riƙa lanƙwasowa yana neman sa, kamun ya ragu, cin ya zama na gefe guda.

Kwanan baya na tsaya wurin wani dattijo mai gyaran keke, ƙarƙashin darbejiya, bayan an ɗauke ruwa. Wani yaro ɗan sakandare ya turo kekensa. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, birkin baya ne ke kuka, don Allah a ɗan sa masa mai." Dattijon bai ce komai ba. Ya kifar da keken, ya cire wilin baya, ya zare ɗan fil ɗin da ke riƙe da takalman, ya zaro su ya ɗora a tafin hannunsa. Ɗaya akwai sauran abin kamu kaɗan a gefe. Ɗayan ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli. Har ɗan sifirin ɗin da ke raba su ya cinye ya karkace. Ya bi faifan da farce, farcen na sarƙewa a tsagi. Ya ce, "Ɗana, ba mai yake nema ba. Takalmi ya ƙare tuntuni, yanzu faifan kake ci. Da ka zo da wuri abu ɗaya za ka saya. Yanzu biyu ne." Yaron ya ce ai ko jiya yana tsayawa. Dattijon ya ce, "Na gaba ne yake tsayar da kai."

Wannan ƙarar ta ƙarshe, ta ƙarfe a kan ƙarfe, kankara ce mai kaushi, kuma ita ba ruwanta da ruwa ko rana. In kun ji ta, a sauka a tura keken. Amma abin da nake so shi ne kada ma a kai ga jin ta. Shi ya sa na ce, kuma nake sake cewa, sai an duba da ido.

Yaya ake dubawa? Babu wuya. A haska fitilar waya ta saman gidan birki. Za ku ga faifai a tsakiya, ƙarfen bayan takalmi a kowane gefe, abin kamu kuma tsakaninsu. Kamfanin Shimano na Japan, wanda birkinsa ke jikin kekuna da yawa, ya ce a canza takalmi in abin kamun ya ragu zuwa rabin milimita. Ni shawarata, in muna cikin marka, kada ku jira ya kai nan. In ya kusa milimita ɗaya a watan Agusta, ku canza, don sauran ba zai kai ku kaka ba. Faifai ma yana da iyakarsa, kuma galibi an rubuta ta a jikinsa. A na Shimano milimita ɗaya da rabi ne. In ya sirance ya wuce haka, ko ya yi tsagi mai zurfi, shi ma lokacinsa ya yi.

Sai batun wane takalmi za a saya. Iri biyu ne manya. Akwai na ƙaro, wanda aka haɗa zaruruwa da wasu sinadarai aka manne su da ƙaro. Yana da laushi, yana kamawa tun matsar farko, kuma ba shi da yawan surutu. Amma yashi da ruwa suna cin sa da sauri. Akwai kuma na ƙarfe, wanda aka matse garin ƙarfe da tagulla aka toya. Shi yana jure taɓo da zafi, yana daɗewa. Sai dai ya fi kuka, musamman in ya jiƙe, kuma ya fi cin faifai. Kun ga inda maganar ta juya ko? Takalmin da ya fi shiru shi ne ya fi saurin ƙarewa da damina. Wanda ya fi ihu shi ne ya fi riƙe amana. In da ni za a tambaya, wanda ke bin hanyar gona ko unguwar da babu kwalta kullum, ya ɗauki na ƙarfe ya haƙura da ƙarar. Wanda tafiyarsa ta cikin gari ce, daga gida zuwa makaranta ko kasuwa, na ƙaro ya ishe shi, muddin zai riƙa leƙa shi. Amma a kula, akwai fayafayin da aka rubuta a jikinsu cewa na ƙaro kaɗai suke ɗauka. In aka sa musu na ƙarfe, zai cinye su. Kuma takalma siffa-siffa ne, kowane birki da nasa. In za ku kasuwa, ku tafi da tsohon a aljihu, a gwada a gabanku.

In an sa sabo, kada a fita da shi kai tsaye cikin cunkoso. Yana buƙatar a sabar da shi da faifai. A samu wuri busasshe, shimfiɗaɗɗe, babu motoci. A ɗan ɗauki gudu, a matse birki a hankali har keke ya kusa tsayawa, a saki kafin ya tsaya cak. A yi ta maimaitawa, kamar sau ashirin, kowane birki daban. Za ku ji kamun yana ƙaruwa. Abin da ke faruwa shi ne takalmin yana shafa wa faifan siririn ɓawo daga jikinsa, kuma wannan ɓawon ne ke sa kamu ya daidaita. Da yawa daga birkin da ke kuka tun yana sabo, wannan ne ba a yi masa ba.

Ga masu gyara kuma ina da 'yar magana, da girmamawa. Man birkin keke iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Shimano da Tektro da Magura suna amfani da wani mai daban, ba irin na mota ba. Da yawa daga na SRAM kuwa irin na mota suke sha. In aka zuba na mota a inda ba nasa ba, robobin ciki su kumbura, birki ya fara tsiyaya, man ya gangaro kan takalmi. A duba murfin, a rubuce yake.

Sauran kuma hali ne na mai tuƙi. Cikin ruwa a fara birki da wuri, don zagayen farko na faifai sharar ruwa yake yi. In an fito daga kududdufi, a ɗan taɓa birki sau biyu don ya bushe kafin a buƙace shi. Mutanen Jos da Mambila, masu gangara mai tsawo, kada a riƙe birki tun daga sama har ƙasa. A matse a saki, a matse a saki. Riƙewa tana ƙona fuskar takalmi ta yi santsi da ƙyalli, daga nan sai kuka da raunin kamu. Kuma kada a taɓa faifai bayan gangara, yana ƙuna. In an dawo gida da taɓo, a ɗauraye birkin da ruwa mai tsabta zalla tun ƙasar ba ta bushe ba. In za a ba sarƙa mai, a rufe faifan da leda ko takarda tukuna.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce iyaye, da yayye, da duk wanda ya saya wa yaro keke. Yaran nan su ne suka fi hawan waɗannan kekuna, su ne kuma suka fi gudu. Gobe da safe kafin yaron ya fita makaranta, ku kira shi. Ku sunkuya tare, ku haska fitila cikin gidan birkin gaba da na baya. Ku nuna masa abin da zai riƙa dubawa kowace Juma'a har ruwa ya janye. Ku ja masa kunne a kan mai. In kuma hadari ya haɗo, ko ruwa na gudu a kan hanya, ya sauka ya fake, makaranta ba za ta gudu ba.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka.